Fam ɗin Sikotlan ya shigo hannuna: su wane ne a jikinsa?

Ɗan Canji, Babbar Kasuwar Maraɗi:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda ya san kuɗin Birtaniya ya fitar da ni daga duhu.

Sana'ata canji ce, wurin kawuna na gaje ta. Sefa da naira su ne cinikin kullum, sai dalar Amurka da yuro, sai riyal lokacin hajji da umra. Fam ɗin Ingila ma yakan faɗo jefi-jefi, na san shi da kan Sarauniya, yanzu kuma da na ɗanta. To jiya bayan la'asar wani dattijo maƙwabcinmu ya kawo mini takardu huɗu a cikin ambulan, ya ce ɗansa da ya yi karatu can ne ya bar masa, yana so a mayar masa da su sefa ya sayi gero tun farashi bai tashi ba. Da na buɗe na ga fam ne aka rubuta, amma babu Sarauniya babu Sarki, kuma sunayen bankuna uku ne daban-daban, babu Bank of England ko ɗaya.

Ta farko fam 20 ce ta leda, Bank of Scotland, da hoton wani mutum cikin tufafin Turawan da, bayanta wata doguwar gadar ƙarfe bisa ruwa. Ta biyu fam 10, Royal Bank of Scotland, mace ce a gaba, a baya wasu dabbobin ruwa biyu suna wasa. Ta uku fam 20 ta Clydesdale Bank, mutum ne da kwalkwalin yaƙi. Ta huɗun ce ta fi ɗaure mini kai: fam 10 ce ta tsohuwar takarda, ita ma Clydesdale, mace a gaba, a baya taswira, kuma da na matso da ita ga haske sai na ga ta yankin Kalaba ce. Kalaba fa ta Najeriya!

Na nuna wa abokan sana'a. Ɗaya ya ce jabu ne, ɗaya ya ce in ba shi rabin farashi in rabu da shi. Ni kuwa ina tsoron haƙƙin dattijon nan. Kuɗin gaske ne? Su wane ne mutanen? Kuma me ya kai taswirar Kalaba kan kuɗin Turawa?

Yaron Mota, tashar Jibiya:

Alhaji, bi a hankali. Ina ganin kuɗi iri-iri a hanyar Ɗan Isa, ban taɓa ganin fam marar kan sarauta ba. In ni ne, zan mayar wa mai su har sai an samu wanda ya sani.

Ƴar Maraɗi a Dundee:

Wa alaikumus salam Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ka kwantar da hankalinka, irin waɗanda ka siffanta ɗin nan su ke wucewa ta hannuna kullum. Ni ɗiyar Bagalam ce, aure ya kawo ni Dundee a gabashin Sikotlan, kuma a shagon kayan abinci nake aiki, ni ke karɓar kuɗi ina ba da canji. Ba zan rantse a kan takardar da ban riƙe ba, tunda ɓata-gari ba su da ƙasa, amma rashin kan Sarki ba alamar jabu ba ce.

Fam ɗaya ne a duk Birtaniya, darajarsa ɗaya. Sai dai Sikotlan ƙasa ce mai sarautarta da majalisarta kafin ta haɗe da Ingila a 1707, kuma bankunanta sun ci gaba da buga takardunsu har yau. An kafa Bank of Scotland a 1695, Royal Bank a 1727, Clydesdale a 1838 a Gilasgo, kuma su ukun ne suka rage masu wannan izini. Doka ta tilasta musu su ajiye dukiya daidai da duk takardar da suka fitar, a ƙarƙashin kulawar Bank of England, saboda ko banki ya karye, mai riƙe da takardar kada ya yi asara. Sulalla kuwa iri ɗaya ne ko'ina, da kan Sarki ko na Sarauniya. Shi ma kan Sarauniyar da muka saba gani, sai a 1960 ya fara hawa takardun Bank of England.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kashewa. Mai shago a Landan na iya jujjuya ta ya ce bai san ta ba, doka kuma ba ta tilasta masa karɓa. Wajen Birtaniya abin ya fi haka, ƴan canji da yawa ko dai su ƙi ko su karya farashi. Don haka shawarata, Baba, kada ka saya a kan rabi ka cuci dattijo, kada kuma ka saya a kan cikakken farashi su zauna maka a akwati. A nemi amintacce mai komawa Birtaniya ya zuba su a asusun banki ya turo kuɗin. Ta huɗun nan shago ba zai karɓa ba, don an janye fam 5 da fam 10 na takarda a watan Maris na 2018, na 20 da na 50 kuma a ƙarshen Satumba na 2022, amma darajarsu ba ta mutu ba, ana mayar da su ga bankin da ya buga su. Ka shafa mai kwalkwalin ma ka ji ko leda ce. Rassan Clydesdale yanzu sunan Virgin Money ke kansu, kada wanda za a aika ya ruɗe.

To bari in zo kan mutanen, don nan ne zuciyata take.

Mutumin kan fam 20 ta farko sunansa Walter Scott, marubuci ne, an haife shi a 1771 ya rasu a 1832. Shi ne a gaban duk takardun Bank of Scotland, daga fam 5 har fam 100, kuma akwai dalili. A 1825 bankuna da yawa sun karye a Ingila, sai gwamnatin Landan ta ce za ta hana buga duk wata takarda da ba ta kai fam 5 ba. A Sikotlan kuwa zinariya ba ta wadata a hannun jama'a ba, da takardar fam 1 ake biyan masunta da masu kiwo da leburori. Hana ta zai tsayar da cinikin talaka cak. Sai Scott ya ɗauki alƙalami a 1826, ya yi ta rubuta wasiƙu a wata jaridar Edinbara da sunan aro, Malachi Malagrowther, har jama'a suka taso, majalisa ta janye hannunta daga Sikotlan. Har gobe Royal Bank na da takardar fam 1, ko da yake ba kasafai take zuwa mini ba. Abin da ya fi burge ni, wanda na san zai burge ɗan kasuwa kamarka: a wannan shekarar shi kansa Scott ya karye. Maɗaba'ar da yake da hannu a ciki ta rushe, bashin da ya haura fam dubu 100 ya hau kansa. Ya ƙi neman a yafe masa, ya ce da rubutu zai biya, ya zauna yana ta rubutu har lafiyarsa ta ƙare, kuma bayan rasuwarsa aka ƙarasa biyan masu bin sa daga kuɗin littattafansa. Mutum yana cikin wannan hali ya tsaya kare kuɗin talakawan ƙasarsa. Duk ranar da na miƙa wa wani wannan takarda sai na tuna.

Gadar da ke baya ita ce gadar Forth, ta jirgin ƙasa, kusa da Edinbara. An buɗe ta a 1890, tsawonta kusan kilomita biyu da rabi, ja ce wur, kuma jiragen da ke tafiya daga nan zuwa Edinbara ta kanta suke bi. Wanda kamfaninsa ya gina ta, William Arrol, yana ɗan shekara tara ya fara aiki a masaƙa, daga baya ya koyi ƙira. Shi ne kuma ya gina gadar jirgin da ke kan kogin Tay a nan Dundee, bayan ta farko ta rufta da jirgi cike da mutane cikin guguwa a watan Disamba na 1879. In ruwa ya janye ana ganin guntayen ginshiƙan tsohuwar jere kusa da sabuwar. Clydesdale ta sa Arrol a fam 5 ɗinta a 2015.

Mai kwalkwalin shi ne Robert the Bruce, sarkin Sikotlan daga 1306 zuwa 1329, wanda ya karya rundunar Ingila a Bannockburn a 1314. Ka lura da wannan, Baba: yau ƙasa ɗaya suke da Ingila, kuɗi ɗaya, amma sarkin da ya ci Ingila da yaƙi na nan a kan fam 20, kuma da ita ake sayen burodi lami lafiya.

Matar da ke kan fam 10 ta Royal Bank ita ce Mary Somerville, masaniyar lissafi da ilimin taurari, 1780 zuwa 1872. Zamaninta ba a ganin ya dace ɗiya mace ta yi zurfi a lissafi. Da iyayenta suka gane tana kwana karatu sai aka ɗauke mata kyandir, ita kuma ta riƙa bitar abin da ta haddace a cikin duhu. A 1835 ita da wata mace suka zama matan farko da ƙungiyar masana taurari ta Birtaniya ta karrama da zama ƴaƴanta, kuma akwai kwaleji a jami'ar Oxford mai sunanta. Dabbobin da ke baya karnukan ruwa ne. Haka Royal Bank ta tsara sababbin takardunta: mace a gaba, halittar ƙasar a baya. Fam 5 marubuciya Nan Shepherd da kifin teku, fam 50 Flora Stevenson wadda ta yi fafutukar karatun yara mata da ƴaƴan talakawa a Edinbara. Fam 20 kuwa Kate Cranston ce da kurege a baya, kuma sana'arta shayi. Ta buɗe gidajen shan shayi a Gilasgo inda mutum zai zauna ya ci ya sha ba tare da ya shiga gidan giya ba, mata ma su samu wurin zama cikin mutunci. Ka ɗauka kamar a ɗauko mai shayin bakin tasha a sa shi kan jika goma, wato sefa dubu goma, domin ya gyara sana'arsa har gari ya amfana.

Sai ta Kalaba. Mary Slessor ke nan, kuma ƴar garin da nake zaune ce. An haife ta a Aberdeen a 1848, ta girma a Dundee cikin talauci, tun tana ƴar shekara goma sha ɗaya take aikin masaƙa. A 1876 ta tafi Kalaba aikin mishan, ta koyi yaren Efik, ta shiga ƙauyukan Okoyong ta zauna cikin mutane. An fi saninta da ceton tagwaye, don a wancan lokaci a yankin ana ɗaukar haihuwarsu a matsayin mugun abu, a yar da jarirai a kori uwa. Ta riƙa ɗauko su tana reno a gidanta. Can ta rasu a watan Janairu na 1915, can kabarinta yake. Clydesdale ta sa ta a fam 10 a 1997, ta maye gurbin David Livingstone, har zuwa 2009 da aka sauya ta da mawaƙinsu Robert Burns. Saboda haka takardar da ke hannunka ta kwana biyu a duniya.

Ban shiga ajin tarihin Sikotlan ko sau ɗaya ba. A bakin akwatin kuɗi na koye shi. In kasuwa ta yi sanyi sai in tambayi wata tsohuwa da muke aiki tare, wace ce wannan, ina ne nan, ita kuma ta yi ta ba ni labari. Ta haka na san Alexander Fleming da ya gano penisilin a 1928, wanda ya hau fam 5 ta Clydesdale a 2009, da tsibirin St Kilda da ke bayanta, inda aka kwashe mutum 36 na ƙarshe a 1930 don rayuwa ta gagara. Ta haka na san likita Elsie Inglis ta kan fam 50 ta Clydesdale, wadda a 1914 ta ce wa hukumar soja za ta kai asibitin mata zalla bakin daga, aka ce ta koma gida ta zauna, ita kuwa ta kai asibitocinta Faransa da Sabiya. Sarki ɗaya ne cikin duk waɗanda na lissafa. Sauran likitoci ne, da malamai, da marubuta, da maƙeri, da mai shayi. Ina sha'awar wannan ƙwarai, kuma ina yi wa ƙasarmu kwaɗayinsa.

Tsohon Mushe, Sabon Gari:

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, kin biya mu. Na koyar da tarihi da labarin ƙasa a lakkwal har na yi ritaya, kuma maganarki ta ƙarshe ta taɓa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi.

Kowa ya ciro sefa daga aljihu ya duba. A gaba akwai alamar nan ta BCEAO, bankin da ke buga sefa, mai siffar kifi mai bakin zarto, wadda asalinta ma'aunin zinariya ne na mutanen Akan. A bayan jika goma tsuntsaye ne, jika biyar dabbobin dawa dangin barewa, jika biyu kifi, jika ɗaya raƙuma, dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, dorina. Kyau kam suna da shi. Amma babu sunan mutum ko ɗaya, babu gari ko ɗaya da yaro zai nuna ya ce nan ne wurin kaza. Ƙasashe takwas ke amfani da su, hedkwatar bankin na Dakar, kuma rabon Nijar a jikin takardar shi ne harafin H ɗin da ke kusa da lamba, Alhaji ya fi ni sanin wannan. Tun 1945 da aka ƙirƙiro sefa, yaron Maraɗi bai taɓa koyon sunan wani kakansa daga kuɗin ƙasarsa ba.

Daga naira yake koyon na maƙwabta. Ɗalibaina da yawa sun san Tafawa Ɓalewa daga naira 5, Murtala daga naira 20, Sardauna daga naira 200, tun kafin mu kai kansu a aji. Wasu har Ladi Kwali mai ginin tukwane sun sani, don tana bayan naira 20. Kuma abin da kika faɗa kan sarkin nan mai kwalkwali, muna da irinsa a gida. Garin nan Katsinawan da jihadi ya fitar daga birnin Katsina ne suka kafa shi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma sarakuna irin su Ɗan Baskore sun shafe zamaninsu suna gwabzawa da daular Sakkwato. Yau jikokinsu na ƙirga naira 200 mai hoton Sardauna, jinin gidan Shehu, da rubutun ajami a jikinta, ba wanda ya ɗauki abin da zafi. Tarihi ba ya hana ciniki, ciniki kuma ba ya share tarihi.

Tunda ana ta maganar kuɗin kanmu a ƴan shekarun nan, ni da za a tambaye ni ina da sunaye. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya gaban rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin hasken rana tun duniya ba ta damu da shi ba, kuma jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Boubou Hama saboda rubuce-rubucensa. A baya a sa hasumiyar masallacin Agadas, da raƙuman dawa na Kure. Ɗaya kuma a bar wa manomi: gonar gero da gawo tsaye a tsakiyarta, domin sassaben zamani da manoman jihar nan suka rungumi yi tun shekarun 1980, suna barin kututture ya tofo maimakon a tumɓuke shi, ya dawo da itatuwa a gonakin da suka zama fili, har baƙi na zuwa daga wasu ƙasashe su gani.

Af, kafin in manta, ɗiyata: ki gaya wa tsohuwar shagonku cewa mutanensu sun tako ƙasar Hausa tun da daɗewa. Hugh Clapperton ɗan Sikotlan ne, ya shiga Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya bi ta Katsina a hanyar komawa, kuma da ya sake dawowa a Sakkwato ya rasu a 1827.

Almajirin Zaure, Unguwar Zariya:

Malam, da girmanka, ina da ja a wuri uku.

Na farko hoton mai rai. Malamanmu da yawa sun yi rangwame kan kuɗi domin lalura ce, mutum ba shi da yadda zai yi, har salla yake yi da su a aljihu. Amma abin da aka yi wa rangwame saboda lalura daban, abin da za mu zauna mu zaɓa da hannunmu daban. In masallacin Agadas da gonar gero sun isar da saƙo, me ya sa sai an sa fuska?

Na biyu, mun san halin mulki a nahiyar nan. Ranar da aka buɗe ƙofar sa fuska, mai kujera ne zai fara shiga. Mobutu ya cika kuɗin Zayar da hotonsa, kuma kowa ya san inda kuɗin suka ƙare. Ko an tsira daga wannan, Bazabarme zai ce ina nasa, Buzu zai ce ina nasa, Bafillace da Babarbare haka. Raƙumi da kifi ba su da ƙabila.

Na uku, Yaya ta Dundee, matar nan ta Kalaba addininta ta je yaɗawa, kuma a bayan ƴan mishan Turawan mulki suka shigo. Taswirar ƙasar baƙar fata a kan kuɗin Bature ni ba ta yi mini daɗin gani ba.

Ƴar Maraɗi a Dundee:

Baba Mushe, na gode, saƙonka zai isa wurin tsohuwa gobe in Allah ya kai mu. Gawon nan da ka ambata ya sa ni kewar gida.

Ƙanena, maganarka ta uku zan fara ɗauka, don tana da nauyi. Gaskiya ne addini ta je yaɗawa, kuma abin ya wuce nan: a 1892 hukumar Birtaniya ta naɗa ta mataimakiyar jakada a Okoyong, tana zama kotu tana yanke hukunci da sunansu. Wannan hannun mulkin mallaka ne, ba a ɓoye yake ba. Kuma ba ita ta fara yaƙi da kisan tagwaye ba, mishan ɗin ya isa Kalaba tun 1846, shekara talatin kafin zuwanta, akwai kuma ƴan ƙasa da suka tsaya a kan lamarin waɗanda ba su hau kuɗin kowa ba. Duk da haka jariran da ta ɗauko daga daji sun rayu, sun girma, sun haifi nasu. Mu da muke murna in an haifi Hassan da Husaini ba za mu raina wannan ba. Har yau mutanen Kalaba na da titi da mutum-mutumi na tunawa da ita, su da abin ya faru a ƙasarsu. Ni dai ina riƙe da bayanan biyu tare. Kuma ka duba, da ba don taswirar nan ba da Baba Alhaji bai yi tambaya ba, da mu ma ba mu zauna muna tattauna abin da ya faru a Okoyong ba.

Batun hoto na bar wa malamai, su ne masu fatawa. Abin da zan iya shaida shi ne wuri ma yana koyarwa. Tsofaffin takardun Royal Bank na 1987 gidajen sarauta na dutse ne a bayansu, na Edinbara a fam 1, Balmoral a fam 100. Na Bank of Scotland gadoji ne da ayyukan gini: Brig o' Doon a fam 5, gadar jirgin Glenfinnan a fam 10, da wata na'ura a Falkirk mai ɗaga kwale-kwale daga wannan magudanar ruwa zuwa waccan a fam 50. Kowannensu wuri ne na gaske mai suna, wanda za ka hau mota ka je ka gani. Da sefa za ta nuna hasumiyar Agadas da sunanta a rubuce, ko Gulbin Maraɗi, da rabin kukan Baba Mushe ya ragu ba tare da an zana fuskar kowa ba.

Tsoronka na mai kujera ma ina tare da kai. A nan, cikin takardun yau da kullum babu ɗan siyasa mai rai. Waɗanda na lissafa duk sun daɗe a ƙasa, ta baya-bayansu ita ce Nan Shepherd da ta rasu a 1981. Kuma ba kullum ake zaɓen a ɗaki a rufe ba. A farkon 2016 Royal Bank ta fitar da masana uku ta ce jama'a su zaɓa a Facebook wanda zai hau fam 10: Mary Somerville, da James Clerk Maxwell masanin lantarki da maganaɗisu, da Thomas Telford maginin hanyoyi da gadoji. Ana dab da rufewa sai ƙuri'u suka yi ta kwararowa Telford, da yawansu daga wajen ƙasar. Bankin ya tsaya ya bincika, ya ga a cikin Birtaniya Somerville ce ke gaba, ya ba ta, takardar ta fito a 2017. Ko a nan ɗin sai da aka sa ido kafin a samu zaɓe mai tsabta, don haka in ranar tamu ta zo, sharuɗɗa biyu zan roƙa: kada a sa mai rai, kuma a buga sunayen a rediyo da harsunan ƙasa, jama'a su yi muhawara kafin a kai wa maɗaba'a.